Yadda Ɗan Gasa Zai Ƙara Ƙarfi a Wasan Ces Mai Sauri ta Intanet

Wanda ya saba buga ces a gasa, inda ake zaman awa 3 ko 4 a kan wasa guda, yakan sha mamaki idan ya shiga wasa mai sauri a Lichess ko Chess.com, shafukan buga ces a intanet. Mutanen da ya tabbata ya fi su fahimta sai su riƙa cinye shi. Wani lokaci ma ya fi abokin wasansa da ruk guda, amma agogo ya kashe shi. Dalili shi ne wasa mai sauri ba ruwansa da abin da za ka iya ganowa idan an ba ka minti 20. Abin da ido ya riga ya sani, hannu kuma ya saba da shi, shi kaɗai ke amfani. Don haka aikin gyara kashi biyu ne: ka mayar da iliminka ya zama na hannu, sannan ka koyi kashe lokaci a inda ya dace.

Fara da zaɓen lokaci

A dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, biliz shi ne wasan da kowane ɗan wasa ke da minti 10 ko ƙasa da haka, kuma gasar biliz ta duniya ana buga ta ne da 3+2, wato minti 3 da ƙarin daƙiƙa 2 bayan kowace tafiya. Abin da bai kai minti 3 ba, kamar 1+0, shi ake kira bulet. Lichess na lissafa tsawon wasa da lokacin farko haɗe da ƙarin daƙiƙa sau 40, shi ya sa 2+1 ke cikin bulet, 3+2 kuma ke cikin biliz.

Yi lissafin da kanka a kan wasa mai tafiya 40. A 1+0 kana da daƙiƙa 1.5 kan kowace tafiya. A 3+0, daƙiƙa 4.5. A 3+2, daƙiƙa 6.5. A 5+0, daƙiƙa 7.5. Bambancin 3+0 da 3+2 ya wuce daƙiƙa biyun da ake gani, domin a 3+2 wanda ya san yadda ake ƙarasa wasa ba zai mutu a kan agogo ba, alhali a 3+0 daƙiƙa 20 na ƙarshe tsere ne na yatsa. Ɗan gasa mai son saurin ya amfani wasansa na allo ya tsaya a 3+2 ko 5+3. Bulet a bar shi sai lokacin nishaɗi. Kuma ka zaɓi lokaci guda ka zauna a kansa wata biyu ko uku, saboda kowane lokaci da bugun zuciyarsa, mai tsalle tsakaninsu kuwa ba ya kama ko ɗaya.

Gano inda makinka ke zuba

Kafin ka canza komai, buɗe wasanni 30 na ƙarshe da ka faɗi. Kada ka kunna injin, wato manhajar da ke nazarin wasa, tukuna. Ga kowane wasa rubuta abu uku a takarda: a tafiya ta nawa wasan ya lalace, daƙiƙa nawa suka rage maka a lokacin, da kuma irin asarar. Irin asarar ba ta wuce biyar: an kama ka a buɗe wasa, ka bar ɗa a fili an ci a tafiya ɗaya, an yi maka dabarar tafiya biyu ko uku, ka kai ƙarshen wasa ka kasa ƙarasawa, ko kuma matsayinka lafiya lau agogo ya ƙare. Sai ka ƙirga. Kusan kullum za ka tarar kashi ɗaya ko biyu sun kwashe yawancin asarar, kuma sau da yawa ba wanda kake zato ba ne. Mutum zai rantse buɗe wasa ne matsalarsa, takarda ta nuna masa cewa a tafiya ta 25 yana da daƙiƙa 30, abokin wasansa na da minti ɗaya da rabi.

Haka za ka yi da wasanni 30 da ka ci, domin a nan ƙarfinka yake. Duba ko kana cin wasa ne da kai wa sarki hari, ko da musayar 'ya'ya har a kai ƙarshe, ko da juriya a mummunan matsayi har abokin wasa ya gaji ya yi kuskure. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, saboda a biliz matsayin da ka san abin yi a cikinsa ya fi matsayin da injin ke yabo. Idan injin Stockfish ya ce kana gaba da 0.8, wato kusan darajar soja guda, amma kowace tafiya sai ka yi daƙiƙa 15 kafin ka gano ta, gara matsayin da ya ce 0.0 wanda tafiya biyar masu zuwa suna kanka. Mai ƙarfin ƙarshen wasa ya nemi musayar sarauniya da wuri ba tare da jin kunya ba. Mai ƙarfin hari ya bar 'ya'ya a kan allo, ya yarda da sadaukar da soja guda don buɗe layi, domin kare kai yana cin lokaci fiye da kai hari.

Agogo

Nan ne ɗan gasa ya fi shan wahala, kuma nan ne gyara ya fi saurin biya. Al'adar da ta taimake shi a dogon wasa, wato neman tafiyar da ta fi kowace, ita ce ke kashe shi a nan. A biliz ana neman tafiya mai kyau wadda ba ta zubar da komai ba. Idan tafiya biyu sun yi maka daidai, ɗauki ɗaya ka wuce. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai daƙiƙa 20 da za ka kashe wajen auna su ba.

Ga ma'aunin da za ka iya riƙewa a 3+0 ko 3+2. Tafiya 10 na farko kada su ci fiye da daƙiƙa 20. A tafiya ta 20 ka kasance da aƙalla minti ɗaya da rabi. A tafiya ta 30 kada ka gaza daƙiƙa 45. Dogon tunani, na daƙiƙa 20 zuwa 25, kana da izinin guda biyu a wasa, iyaka uku. Tambayar ita ce a ina za ka kashe su.

Ka kashe su a tafiyar da ba ta komawa baya: sadaukar da ɗa, musayar sarauniya, shiga ƙarshen wasa na sojoji zalla, tura sojan da ke gaban sarkinka, ko lokacin da abokin wasa ya yi tafiyar da ba ka fahimci dalilinta ba. Wannan na ƙarshe mutane suna raina shi. Tafiyar da ta yi kama da shirme daga ɗan wasa mai maki irin naka yawanci tana ɗauke da tarko. Amma gyara wurin ruk, mayar da doki tsakiya, ko rama ci da ya zama dole, duk waɗannan na daƙiƙa ɗaya ko biyu ne.

Lichess na nuna zanen lokacin da kowace tafiya ta ci bayan an gama wasa, Chess.com ma na rubuta daƙiƙun a gefen tafiyoyi. Nemi tafiya uku da suka fi cin lokaci a kowane wasa ka tambayi kanka ko tunanin ya canza wani abu. Za ka sha ganin ka yi daƙiƙa 35 sannan ka buga abin da idonka ya fara gani. Idan hakan ya yi ta maimaituwa, to hujja ce cewa idonka abin yarda ne a irin wannan matsayi, sai ka daina tuhumarsa.

Lokacin abokin wasa ma naka ne. Yayin da agogonsa ke tafiya, kada ka lissafa dogon layi, domin ba ka san me zai buga ba. Yi tambayoyi masu faɗi: wane ɗa nawa ne ba ya aiki, wane ɗa ne ba shi da mai tsaro, ina sarkina zai gudu idan aka yi masa cek, wato aka kai masa hari kai tsaye, a layin baya. Amsoshin nan su ne tafiyoyin da za ka buga nan take idan babu wani abu na gaggawa. Kullum ka riƙe irin wannan tafiya guda a aljihu, kamar buɗe wa sarki taga da h3 ko h6, ko haɗa ruk biyu a layi ɗaya.

Kuma ka riƙa kallon agogon biyu, ba naka kaɗai ba. Idan ka fi abokin wasa lokaci da yawa, kada ka sauƙaƙa masa da musaya. Bar matsayin a cakuɗe, ka ba shi zaɓi a kowace tafiya. Idan kai ne a ƙasa, yi akasin haka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ganin abokin wasa ya rage daƙiƙa 10 sai kai ma ka hau sauri kana da minti guda. Ka watsar da fifikonka ke nan, ka shiga tseren da shi ne ya fi buƙatarsa.

Buɗe wasa: kaɗan, amma a hannu

Abu uku sun ishe ka: tsari ɗaya da fari, amsa ɗaya ga e4, amsa ɗaya ga d4. Tsarin Landan, inda fari ke jera d4, Bf4, e3, c3, Nf3, Nbd2 da Bd3 (a wannan rubutu B bishof ne, N doki, Q sarauniya, inda babu babban harafi kuwa soja ne), ya yaɗu a intanet ne saboda yana ba da tafiya bakwai ko takwas kusan kyauta. Tsarin Caro-Kann, amsa ga e4, na yi wa baƙi irin wannan aiki. Amma idan tsarin Sicilian, wata amsar ga e4, ka shekara kana bugawa a gasa, kada ka yar da shi don biliz. Abin da ka fi sani shi ne mafi sauri a hannunka, kuma biliz wuri ne mai kyau na tara gogewa a kansa, domin a awa guda za ka ga rassa da yawa fiye da abin da gasa biyu za su nuna maka.

Haɗarin tsari irin na Landan shi ne buga shi da ido a rufe. Da zarar bishof ya bar c1, sojan b2 ya zama maraya. Dubi wannan tarkon da ake yawan ɗanawa: 1.d4 e5 2.dxe5 Nc6 3.Nf3 Qe7 4.Bf4 Qb4+ 5.Bd2 Qxb2. A nan 6.Bc3 ta yi kama da tafiyar hankali, amma sai 6...Bb4 7.Qd2 Bxc3 8.Qxc3 Qc1, wasa ya ƙare. Tafiyar daidai ita ce 6.Nc3, fari kuma ya fi kyau sosai. Duk tarkon da ya kama ka sau ɗaya, tsaya a take ka duba maganinsa, ka rubuta. Minti 2 ne aikin. Bayan wata uku za ka tara littafinka na kanka, wanda ya fi kowane dogon nazari amfani domin daga abin da ake buga maka a zahiri ya fito.

Horar da ido

A 1970 an yi babbar gasar biliz a Herceg Novi, a tsohuwar Yugoslabiya. Bobby Fischer ya ci maki 19 cikin 22, ya bar Mikhail Tal a baya da 14.5. Abin lura shi ne manyan masu biliz, daga Fischer zuwa Magnus Carlsen da Hikaru Nakamura, duk zakaru ne a dogon wasa. Saurinsu daga tarin siffofin da suka riga suka sani yake fitowa.

Siffofin da ke yanke wasan biliz ba su da yawa: doki ya kai hari biyu a tafiya ɗaya, a kafe ɗa a gaban sarki ko sarauniya, kisa a layin baya, janye mai tsaro, cek da ke fitowa idan wani ɗa ya matsa, da sadaukar da bishof a h7. Matsaloli masu wuya da ke cin minti 10 suna gina lissafi, kuma ɗan gasa na buƙatarsu, amma ba su ne ke gyara biliz ba. Ga biliz, ɗauki matsaloli masu sauƙi 200 zuwa 300, ka warware su duka, ka sake zagayowa kansu har sau huɗu ko biyar, kowane zagaye kana rage lokaci. Manufar ita ce ka daina lissafa su, ka koma gane su kamar yadda kake gane fuskar ɗan unguwa. Puzzle Storm a Lichess da Puzzle Rush a Chess.com suna da kyau wajen ɗumama ido kafin zama, zagaye biyu na minti 3 sun isa. Sai dai ka koma kan waɗanda ka kuskure bayan kowane zagaye, in ba haka ba kana maimaita kuskure ne da sauri.

Akwai gibin da matsaloli ba sa cikewa: kullum kai ne mai kai hari a cikinsu. A wasa kuwa, yawancin asara daga rashin ganin harin abokin wasa take zuwa. Maganinsa al'ada guda ce. Duk lokacin da ya buga, kafin ka koma ga shirinka, dubi ɗan da ya motsa ka ga me yake taɓawa yanzu, sannan ka dubi layin da ya buɗe a bayansa. Rabin daƙiƙa ne idan an saba. Dogayen tafiyoyin bishof da tafiyar doki ta baya su ne ido ya fi tsallakewa.

Ƙarshen wasa da dokar ƙarewar lokaci

Akwai ƙarshen wasan da dole ka iya su cikin daƙiƙa 10 ba tare da tunani ba. Sarauniya da sarki suna kashe sarki tilo a tafiya 10 ko ƙasa, ruk da sarki a tafiya 16 ko ƙasa, idan an buga daidai. Da sarauniya, ka riƙa ajiye ta nesa da sarkinsa gwargwadon tsallen doki har ka kai shi gefe, sai ka tsaya ka bar masa gida biyu, ka kawo sarkinka. Idan sarkinsa na h8 ka sa sarauniya a f7 ko g6 alhali ba shi da wani ɗa mai motsi, ka rufe masa ko'ina ba tare da cek ba, wasa ya zama canjaras. Wannan kuskuren yana cin rabin maki kullum a intanet. Ƙara da kisan ruk biyu, fuskantar sarki da sarki a ƙarshen soja guda, matsayin Philidor, inda mai karewa ke tsare layi na shida da ruk sannan ya koma cek daga baya idan sojan ya tako, da matsayin Lucena, inda ake gina gada da ruk a layi na huɗu. Jera kowanne a gaban injin, sa wa kanka daƙiƙa 20, ka maimaita har sai hannu ya iya.

Ka san dokar wurin da kake wasa. A dokar FIDE, idan lokacinka ya ƙare ka faɗi, sai dai idan babu wata hanya ko kaɗan da abokin wasanka zai iya kashe sarkinka. A gasar biliz ta duniya ta 2019 a Mosko, lokacin Alireza Firouzja ya ƙare a wasansa da Carlsen yana da bishof da soja uku, Carlsen kuwa bishof guda ya rage masa, amma aka ba Carlsen nasara saboda kisan mai yiwuwa ne a ƙa'ida. Lichess na bin wannan hanya. A Chess.com kuwa, wanda ya rage da sarki da doki kaɗai, ko sarki da bishof kaɗai, canjaras yake samu idan lokacinka ya ƙare. A ko'ina dai, sarki tilo ba ya cin wasa da agogo. Saboda haka idan daƙiƙa 5 suka rage maka, kuma kisa ya yi nisa, cinye sojansa na ƙarshe tukuna. Ka tabbatar da rabin maki, sannan ka nemi cikakke.

Tafiyar ajiya da saitin na'ura

Firimuf, wato ka ajiye tafiyarka tun kafin abokin wasa ya buga tasa, makami ne mai kaifi biyu. A Lichess ba ta cin lokaci amma guda ɗaya ake ajiyewa. A Chess.com kowace na cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, amma ana iya jera da yawa. Wadda ba ta da haɗari ita ce ta rama ci: idan bai ci ba, tafiyar taka ba ta halatta ba, sai ta soke kanta. Mai haɗari ita ce ta buɗe wasa. Bayan 1.d4 g6, wasu na buga 2.Bh6 da gangan, suna fatan ka riga ka ajiye Bg7, sai su cinye bishof ɗinka, ruk kuma ya shiga tarko. Da ka jira rabin daƙiƙa, da kai ne ka ci nasu kyauta.

Kunna saitin da ke mayar da soja sarauniya kai tsaye, ka kashe tambayar tabbatar da tafiya, ka rage ko ka kashe rawar 'ya'ya a kan allo. Zaɓi launin allo da siffar 'ya'ya guda ka bar su haka. A kwamfuta, ƙaramin allo ya fi sauri domin hannu ba ya doguwar tafiya. A waya, taɓa ɗa sannan ka taɓa gida ya fi jan sa da yatsa aminci, musamman idan hannu na gumi. A tseren daƙiƙun ƙarshe, motsa ɗa guda a gidaje na kusa, kuma ka riƙa jefa cek, domin cek na rushe tafiyar da ya ajiye.

Idan netiwok ɗinka na rawa, ko wuta ba ta da tabbas, wannan ma dalili ne na barin 1+0 da 3+0. Shafukan na rama wani ɓangare na jinkirin layi, amma ba duka ba. Duba alamar ƙarfin layi kafin ka fara, rufe abin da ke jan data a bayan fage, kada kuma ka shiga gasar awa guda da batir kashi 15.

Zama guda da tsarin mako

Makin intanet yana hawa yana sauka. A lissafin Elo, tsarin auna ƙarfin 'yan wasa da maki, wanda ya fi ka da maki 100 ana sa ran ya ci kashi 64 cikin 100 ne kawai, wanda ya fi ka da 200 kuwa kusan kashi 76. Ke nan faɗuwa uku a jere ba alamar komai ba ce. Abin da ke mayar da ita asara ta gaske shi ne zuciya, mutum ya riƙa danna sabon wasa don ya rama, kowane wasa yana fin na baya muni. Ka yanke adadi tun kafin ka zauna, wasa 6 zuwa 8. Ka faɗi biyu a jere, tashi ka sha ruwa, minti 10. Ka faɗi uku, zaman ya ƙare. Duka shafukan biyu suna da saitin ɓoye maki yayin wasa, kuma yana taimaka wa wanda lambar abokin wasa ke firgita shi ko take sa shi raini.

Bayan kowane zama ɗauki wasa biyu kaɗai ka duba. Fara da idonka, ka yi hasashen inda ya juya, sannan ka kunna injin. Kada ka damu da ƙananan gyare-gyarensa, nemi inda ma'aunin injin ya yi tsalle da darajar soja biyu ko fiye. Injin na bayan wasa ne kawai: buɗe shi ko littafin buɗe wasa ana cikin bugawa maguɗi ne, kuma ana rufe asusu a kansa.

Ga mai awa 6 a mako, raba su haka: awa 2 biliz tare da dubawa, awa ɗaya da rabi matsaloli, awa ɗaya ƙarshen wasa da buɗe wasa, sauran awa ɗaya da rabi kuma wasa biyu na 15+10 inda za ka yi lissafi har ƙasa. Idan gasar allo ta matso, ajiye biliz kwana 4 ko 5 kafin ranar, domin hannun da ya saba da daƙiƙa 3 yakan riga kai zuwa ga ɗa, a kan allo kuwa ɗan da ka taɓa shi za ka motsa. Bayan wata guda, sake ɗauko wasanni 30 na ƙarshe da ka faɗi, ka ƙirga su a sabuwar takarda, ka ajiye ta kusa da ta farko ka ga wane kashi ne ya ragu, wane ne kuma ya hau gaba a layin gyara.